Ranar da Aka Rufe wa Sarki Ido

An yi wani sarki a Birnin Marke mai suna Bagudu, wanda duk ƙasar ta shaida ba ya tsoron komai. Ya gaji sarauta tun yana ƙarami, bayan an harbe mahaifinsa da kibiya a daji. Ya tashi da fuska a ɗaure, ya fita yaƙi sau bakwai, ba a taɓa ganin ƙeyarsa ba. Mutanensa suna son sa, suna kuma shakkarsa, domin maganarsa ɗaya ce, in ya faɗa an gama.

A garin nan kuma akwai wani mutum ana ce masa Tunau, sana'arsa horon dawaki. Gwani ne na gaske, kuma ya san shi gwani ne, wannan sanin kuwa shi ne babban ciwonsa. Hannunsa yana da haƙurin da zai yini yana shafa wuyan doki, amma bakinsa ba ya iya jiran a tambaye shi.

Wata shekara aka kawo wa sarki kyautar wani akawal, baƙi wuluk, dogo, mai kyan ƙira, aka sa masa suna Gajimare. Kowa ya gan shi sai ya tsaya kallo. Sai dai kyan nan duk a ido ya tsaya, don dokin matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Ganye ya faɗo, ya zabura. Mace ta kakkaɓe tabarma a bayan katanga, ya tsinke igiya. Da abin ya ishi mutanen barga, sai sarki ya sa aka kira Tunau aka damƙa masa shi.

Shi Tunau ba ya duka. Yakan ce wanda ya zane doki don ya tsorata da laima, ya ba shi abin tsoro biyu ke nan, ga laima ga bulala. Yadda yake yi, sai ya ɗauko abin da dokin ke tsoro ya ajiye can nesa, inda zai hango shi amma ba zai fita hayyacinsa ba, sannan ya zuba masa harawa. In dokin ya ƙi ci, abin ya yi kusa, a ja shi baya. In ya sunkuyar da kai ya ci, gobe a matso da shi taku biyu. Haka kullum, har ranar da za a rataye abin a turkensa yana tauna, bai ko karkata kunne ba. Kuma duk abin da ya nuna wa idon hagu, sai ya koma ya nuna wa idon dama tun daga farko, don a cewarsa idon doki ɗaya ba ya ba ɗan'uwansa labari.

Da haka Gajimare ya saba da laima, ya saba da tambari, ya saba da busasshen ƙirgi da ake ja a ƙasa yana ƙara, da wutar kara, da raƙumi, da harbin bindiga. Ya saba a rufe masa ido da ƙyalle ya tsaya cik. Har wurin wani maharbi mai suna Nomau Tunau ya je ya aro kan burtu, wato kan tsuntsun nan mai dogon baki da maharba ke ɗaurawa a goshi, su yafa baƙin zane, su yi rarrafe cikin ciyawa suna gyaɗa kai don namun daji su zaci tsuntsu ne. Wannan ya fi ba dokin wahala, sai da aka yi kwana goma sha tara. A ƙarshe kuwa Nomau ya yi ta rarrafe a ƙarƙashin cikinsa, Gajimare yana cin dusa.

Bayan wata biyar Tunau ya jawo dokin zuwa ƙofar fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, kuma da ya tsaya nan da ya huta. Amma ina! Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ga Gajimare. Babu abin da ido ke gani a ƙasar nan da ban nuna masa ba, babu abin da kunne ke ji da ban jiyar da shi ba. In ya sake zabura saboda wani abu da ya gani ko ya ji da kunnensa, ga hannuna na dama, a sare shi."

Alƙalin garin, wani tsoho mai suna Malam Cindo, yana zaune a gefe. Ya dube shi ya ce a hankali, "Tunau, mayar da rabin maganar nan cikinka. Ba wanda ya nemi hannunka."

Amma sarki ya riga ya ji. Ya ce, "An ji, an kuma riƙe."

Aka yi wata uku sarki yana hawan Gajimare lafiya lau, Tunau kuwa tafiyarsa ma ta canza. Ran nan da kaka, da hantsi, sarki ya fita duba gandunsa ana girbin dawa. Manoma sun fi ɗari a gonar, Tunau yana biye a ƙasa cikin masu rakiya. Ashe Nomau maharbi yana cikin ciyawar bakin fadama tun safe yana bin gada, bai san sarki zai bi ta nan ba. Da ya ji ƙarar kofato sai ya ɗago, dogon bakin burtu ya ɓullo daga cikin ciyawa, taku ashirin daga gaban sarki.

Abin da ya biyo baya bai kai ƙiftawar ido uku ba. Gajimare ya yi wata irin haniniya, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya murɗa, ya watsar da sarki cikin taɓon fadama. Rawani ya warware ya yi nasa wuri. Kan Sarki Bagudu ya bayyana a fili, abin da ko fadawansa ba su taɓa gani ba.

Gonar nan ta yi tsit. Mai lauje ya tsaya da lauje a sama. Wata mai tallar fura ta saki ƙwaryarta ta fashe, ba ta ko dubi ƙasa ba. Dattawa suka kau da fuska, don ganin abin ma ji suka yi kamar laifi ne. Tunau kuwa ya ji hannunsa na dama ya yi sanyi tun ba a taɓa shi ba.

Sarki ya miƙe da kansa, bai yarda kowa ya kama shi ba. Ya dubi Tunau, taɓo na gangarowa daga gemunsa, ya ce, "Hannun da ka ba ni, jibi zan karɓa. A gaya wa alƙali ya zauna, don ba na zubar da jini sai da shari'a."

Aka tsare Tunau a barga, dogarai biyu a bakin ƙofa. Da yake hannun da ya saba aiki ba ya iya zama, sai ya ɗebo ruwa ya shiga wanke dokin. Nan ya ga abin da ya tsinka masa zuciya. Haƙarƙarin Gajimare, dama da hagu, ƙaimi ya huda shi har jini ya bushe a wurin. Gefen bakinsa kuma, duka biyun, linzami ya tsaga.

Tunau ya san ma'anar wannan kamar yadda ya san sunansa. Mai son tsayar da doki linzami yake ja, ba ya sukar ƙaimi. Mai son ya zabura shi ke suka, ya kuma saki linzami. Amma wanda ya fizgi linzami ya kuma soka ƙaimi lokaci guda, ba umarni yake bayarwa ba, jikinsa ne ya ƙanƙame don firgici. Ya saki tsumman hannunsa, ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba dokin ba ne."

To, amma wa zai gaya wa? Wane baki ne zai buɗe a Birnin Marke ya ce Sarki Bagudu ya tsorata da kan tsuntsu? In ya yi shiru ya rasa hannu, in ya yi magana ya rasa kai. Karo na farko a rayuwarsa Tunau ya sami maganar da ta fi ƙarfin bakinsa.

Kashegari da la'asar Malam Cindo ya shigo bargar yana dogara sanda. Ya zagaya dokin, ya sunkuya ya daɗe yana duban haƙarƙarin, ya koma ya dubi bakin. Sannan ya ce, "Ka taɓa nuna masa burtu?"

Tunau ya ce, "Allah gafarta Malam, kwana goma sha tara. A tambayi Nomau, kan nan da ya ɓullo da shi jiya, shi ɗin ne dai."

"In an rufe masa ido fa, yana tsayawa?"

"Har gyangyaɗi yake yi."

Alƙali ya nuna raunin da sandarsa ya ce, "Wannan fa, mene ne?"

Tunau ya dubi dogarai, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Malam, ni mai horon dawaki ne. Abin da ke ƙarƙashin sirdi shi na sani. Abin da ke samansa ba a ba ni horonsa ba."

Tsohon ya ƙura masa ido. Can ya ce, "Yau kam ka iya magana." Ya juya ya fita. Tunau ya bi shi da ido, ya tabbata tsohon nan ya gane, ya kuma tabbata ba zai sayar da kansa don hannun wani ba. Bai ga laifinsa ba, sai dai ya ji baƙin ciki ya cika masa ciki.

Ranar shari'a fada ta cika maƙil. Aka zo da Tunau, aka zo da Nomau da kan burtunsa a cikin jaka, mai sara kuma yana tsaye a gefe da takobinsa. Sarki ya ce, "Malam, kowa ya ji alkawari, kowa ya ga abin da ya faru. Me ya rage?"

Alƙali ya ce, "Allah ya taimaki sarki, mutum ɗari sun ga faɗuwa, amma ba wanda ya ga abin da ya kawo ta. Shaida ɗaya ne ya san wannan, shi ne dokin, kuma ba a tambaye shi ba. Ina roƙon abu uku. A ba ni filin da ke bayan barga, mai katanga, kowa ya tsaya a waje sai mu huɗu, sarki da ni da Tunau da Nomau. Sarki ya hau dokin da kansa, ba ƙaimi a ƙafarsa. Sannan a rufe wa sarki ido."

Fada ta ɗauki salati. Wani bafade ya zabura ya ce, "Malam, tsufa ne ko me? Idon Zaki za a ɗaure?" Tunau da kansa sai da ya ɗago kai, bakinsa a buɗe.

Tsohon bai ko dubi bafaden ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya san hawanka. In kana gani dokin ya tsaya, za a ce gwanintarka ce ta riƙe shi, ba horon Tunau ba. Ni kuwa dokin nake so ya yi magana shi kaɗai."

Maganar ta yi wa sarki daɗi, ya ce a yi hakan.

Aka rufe ƙofar filin. Sarki ya hau, alƙali ya miƙa masa baƙin ƙyalle, sarki ya ɗaure idonsa da kansa. Tunau yana tsaye a gefe. Malam Cindo ya yi wa Nomau alama da sanda. Maharbi ya ɗaura burtu, ya yafa baƙin zane, ya taho da rarrafe yana gyaɗa kai, ba ko motsin ƙasa. Gajimare ya dube shi da idon hagu, ya juya ya dube shi da na dama, ya miƙa wuya ya sunsuni dogon bakin, ya yi ajiyar zuciya irin ta dawaki. Nomau ya zagaya shi sau uku. Ya tsinki gashin tsuntsu ɗaya ya soka a madaurin likkafar sarki kamar yadda aka umarce shi, ya koma bayan wani rumbu ya ɓuya.

Can sarki ya ce, "Malam, rana tana yi. Ku fito da abin mana."

Alƙali ya ce, "Ya zo ya tafi, ranka ya daɗe. Kwance ƙyallen ka dubi likkafarka ta dama."

Sarki ya kwance, ya sunkuya, ya ga gashin burtu a maƙale dab da ƙafarsa. Ya daɗe yana kallon sa. Ya ce, "To, yau ya tsaya. Shekaranjiya bai tsaya ba."

"Gaskiya ne. Shi ya sa saura rabin tambaya. Tunau, karɓi ƙyallen nan ka rufe idon dokin."

Tunau ya ninka ƙyallen biyu ya ɗaure idon Gajimare, ko haske ba ya shiga. Dokin ya tsaya, ya saki leɓe, ya lanƙwasa ƙafar baya ɗaya kamar mai shirin barci. Sai alƙali ya sake ɗaga sanda.

Can ƙarshen filin, taku arba'in, dogon bakin nan ya leƙo daga bayan rumbu. Bai matso ba, bai yi ƙara ba, gyaɗa kai kawai ya yi sau ɗaya.

Tunau yana kallon sarki, don haka ya ga komai. Ya ga jini ya janye daga fuskarsa. Ya ga gwiwoyinsa sun matse sirdi, dugadugansa sun nutse a cikin dokin, hannuwansa sun fizgi linzami har ƙirji. Gajimare, wanda ba ya ganin komai a duniya sai baƙin ƙyalle, ya yi kururuwa ya miƙe tsaye. Sarki ya karkata zai sake zubewa. Tunau bai san lokacin da ya yi tsalle ba. Ya cafki ragama da hannunsa na dama, ya rataya a kanta da duk nauyinsa yana kiran sunan dokin, har ƙafafun gaba suka dawo ƙasa.

Doki ya tsaya yana haki. Nomau ya fizge burtun daga goshinsa ya ɓoye a bayansa.

Malam Cindo ya matso a hankali ya tsaya gaban sarki. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shaida ya yi magana. Da dokin ya gani kai ba ka gani ba, bai motsa ba. Da ka gani shi bai gani ba, ya zabura. Alkawarin Tunau a kan abin da dokin ya gani ne ko ya ji da kunne, ni kuwa ban sami laifi a idonsa ba, ban samu a kunnensa ba, ban samu a hannun mutumin nan ba. Nan shari'ata ta tsaya. Abin da ya rage ya fi ƙarfin buzuna, shi ya sa na sa aka rufe ƙofa."

Tunau ya runtse ido. Ya ɗauka yanzu kam mai sara zai yi aiki biyu.

Amma sarki hannuwansa yake kallo, sun ƙanƙame linzami kamar ba nasa ba. Ya sauko da kyar, ya jingina da katanga, ya ce, "Wallahi ban sani ba. Na rantse da Allah, na ɗauka dokin ne ya fara."

Sannan ya ci gaba da wata murya da ba su taɓa ji ba. "Shekarata bakwai. Ina zaune a gaban mahaifina a kan sirdi, mun fita farauta. Na hango burtu a cikin ciyawa yana gyaɗa kai. Ni na ja rigarsa na ce, Baba, tsaya in ga tsuntsu. Ya tsaya domina. Ashe mutum ne, da baka a ƙarƙashin zane." Ya dubi ƙasa ya ce, "Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗauka na manta."

Nomau ya zube ƙasa yana salati. Alƙali ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Tunau kuwa, wanda tun shekaranjiya yake jin tausayin hannunsa, sai ya ji tausayin ya bar hannun ya koma kan mutumin da ya so sare shi.

Sarki ya share fuska ya dube shi. Ya ce, "Hannunka naka ne, da shi ma ka riƙe ni. Kwana nawa ka yi kafin dokin nan ya saba da abin nan?"

"Goma sha tara, ranka ya daɗe."

"Ni fa, nawa zan yi?"

Tunau ya buɗe baki zai yanka adadi kamar yadda ya saba, sai ya tuna inda baki ya kai shi. Ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe. Shi doki bai taɓa ɓoye mini tsoronsa ba, shi ya sa ya yi sauri. Amma hanyar ɗaya ce. A ajiye shi nesa, ka ci abinci kana ganin sa. In abinci ya ƙi wucewa, a ja shi baya."

Sarki ya sa aka buɗe ƙofa. Ya fita gaban jama'a ya ce da bakinsa, "Dokin ba shi da laifi, mai horonsa ba shi da laifi. Mahayin ne ya firgita." Fada ta yi tsit fiye da yadda gona ta yi ranar faɗuwa. Mai sara ya mayar da takobinsa kube, sai da ya kuskure bakin kuben sau biyu.

An ce tun daga ranar, kullum da hantsi Tunau yakan rataye kan burtu a ƙarshen filin nan, sarki ya zauna a ɗaya ƙarshen da kwanon fura. Kwana uku na farko furar ba ta shiga ba. Aka yi ta matsowa taku biyu, wata rana a koma baya taku huɗu, har damina ta zo ta wuce. Ranar da Sarki Bagudu ya kai hannu ya taɓa dogon bakin nan, ya zauna a ƙasa ya yi wa mahaifinsa kukan da bai yi ba shekara talatin da uku. Tunau ya juya baya yana shafa wuyan Gajimare, bai kuma taɓa ba kowa labarin ba sai bayan rasuwar sarki, wanda ga mai baki irin nasa ba ƙaramin horo ba ne.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, tsoron da babba ya ɓoye ba ya mutuwa, gangarawa yake yi zuwa ga wanda ke ɗauke da shi. Saboda haka in ka ga na ƙasa ya zabura, kada ka yi gaggawar hukunta shi sai ka duba gwiwar wanda ke kansa.